Damin Tarkacen Ummaru

Ummaru mai kananzir ya jingine kekensa a tashar Jega, ya duƙa bayan teburin mai cingam yana tsintar abin da masu hali suka yar. Lokacin Jihar Kebbi tana rarrafe, wani cingam ya shigo gari, kowane ɗaya da kati a cikin ledarsa, sai ga magidanta da gemunsu sun koma tauna. Da katin ake wasan da suka raɗa wa suna Gumurzu. Kowa ya haɗa daminsa na kati, a kara sau uku, wanda ya ci biyu ya kwashe abin da aka aza.

Katunan jarumai da dodanni su ne 'yan gata, ana cinikinsu kamar ragunan layya. Na kayan aiki kuwa, su tsani da igiya da raga da fitila, ko akuya ba ta ɗaga kai ta dube su. Su Ummaru ke tarawa, don ribar kananzir ba ta sayen dodo. Aka laƙaba masa Ummaru Tarkace, sunan kuma yana ci masa rai ƙwarai.

Amma ya gano abin da ba a kula da shi ba: raga tana kama jarumi, igiya ta ɗaure shi, komai tsadarsa. Abin da ya rage masa shi ne 'yan aljihu, wato katunan da ake musanyawa tsakanin karo da karo gwargwadon abokin karawa. Ga shi tarkacen ya fara wuyar samu a ƙasa. Ummaru ya ɗora laifin a kan masu sharar tasha, bayin Allah da ba a taɓa kama su suna shara ba.

Ana haka Tamu dillali ya ja shi gefe, ya danƙa masa wasu katuna iri ɗaya.

"Ungo wanga, Tarkace. Madubi na, shina maida ma dodo wutatai. Kak ka hiddo shi karon hwarko, bari sai an ci ka."

Kyauta ya ba shi, Tamun da ko hanya ya nuna maka sai ya nemi la'ada. Katunan suna warin albasa, amma a wannan yanki har tufafin Sallah warin albasa suke.

Ba a jima ba saƙo ya zo daga Aliero. Jibrilla ne, attajirin albasa, mutumin da ke sayenta da arha ranar da kowa ke kuka da ita, ya adana, ya jira. Shi ne gwarzon Gumurzu, mai Baƙin Dodon da ba a taɓa kayarwa ba. Ya ce Ummaru ya aza kekensa, shi kuma in aka ci shi ya bar wasan har abada. Ummaru ya san in babu keken nan babu kai kananzir Katanga da Birnin Malam, babu cefane. Ya tuna sunan Tarkace, ya ce ya yarda.

Jibrilla har mota ya ɗauka ta kwaso 'yan kallo daga Maiyama da Mungadi, wai don kowa ya shaida wulaƙancin.

Karon farko Baƙin Dodo ya ƙone damin Ummaru ƙurmus, aka yi ta shewa. Ummaru ya sa hannu aljihu, ya cire tsani da fitila, ya cusa madubi. Karo na biyu dodo ya huro wuta, wutar ta koma masa. Ummaru ya ci karon. A karo na uku Jibrilla ya yi ta jan kati, dodon ya ƙi fitowa. Ya dafe hularsa da hannu biyu, ya rafka salatin da aka ji har bakin kasuwa. Raga da igiya suka gama da jarumansa ɗaya bayan ɗaya.

Aka ɗaga Ummaru sama, aka naɗa shi Sarkin Tarkace. Daɗi ya kama shi har ya yi ƙwalla. Ya zauna yana koya wa duk wanda ya zo yadda ake haɗa damin talaka, kyauta, da murya sama. Kafin kasuwa ta zagayo, magidantan da ke taka igiya su wuce suna ba da dodanni biyu a kan raga ɗaya. Talauci ya yi tsada.

Sai wani ɗan Maiyama ya haɗa dami irin nasa sak, ya ƙalubalance shi. Mai raga ba a cin sa sai da katin almakashi, almakashi kuwa ya ɓace daga Jega. Ummaru ya leƙa bayan kowane tebur, ya dawo da ƙura a gwiwa. Sarki guda kuma ba zai faɗi gaban almajirinsa ba, don haka ya nemi Tamu.

"Mutum guda ad da shi," in ji Tamu, yana kallon sama. "Kuma ba kuɗɗi shika so ba. Keke shika so."

Ummaru ya shafa sirdin keken, ya goya Tamu har Aliero. Suka tsaya ƙofar wani ɗakin ajiyar albasa, Tamu ya karɓi keken ya jingine shi ciki. Da idon Ummaru ya saba da duhun wurin, sai ya ga buhunan ba albasa ba ce a ciki. Tsani ne da igiya da raga da madubi da almakashi, shaƙe har baki, duk abin da ya daina gani a ƙasan tasha.

A kan buhun tsakiya Jibrilla ne zaune yana yi masa barka da zuwa, yana fifita da Baƙin Dodon da ya zaro daga naɗin hularsa, inda ya ɓoye shi da hannunsa tun kafin karo na uku.