Katin Baba, Haƙoran Dangi

Baba ya dire katin inshorarsa a kan teburin asibitin kuɗi, hannu ɗaya dafe da kunci, ya dubi ma'aikaciyar da ke wurin.

"'Yata, a taimaka a cire min haƙorin nan, ya hana ni sakat."

Katin nan ya ga duniya. A wurin aiki aka ba Baba shi, hoton da ke jiki kuwa ya koɗe har ya yi kama da duk wani mai furfura a danginmu. Ga Baba bai iya cewa a'a ba. Haƙori na tayar wa Baffa, sai ya ari katin. Kawu ya ara, mijin Gwaggo ya ara, har da maƙwabcinmu mai gyaran rediyo. Kowa ya je ya miƙe ƙafa a sanyin esi, a kira sunan Baba, ya amsa da ƙarfinsa.

Ma'aikaciyar ta danna kwamfuta, ta dubi Baba, ta sake duban kwamfuta.

"Baba, ɗan buɗe bakinka mu gani."

Ya buɗe. Haƙora reras, farare tas.

"Ikon Allah! Ai mu a nan mun cire maka talatin da biyu. Inshora ba ta biyan na talatin da uku."

Washegari Baba yana layin asibitin gwamnati, rana na dukan ƙeyarsa, Baffa na yi masa fifita.

"Haƙuri, Yaya, layin na motsawa," in ji Baffa, yana murmushi da giɓin da katin Baba ya biya.