Sabon Bel da Tsohon Famfo

Bari in ba ka misali da wani direban a-kori-kura, mai jigilar tumatir daga fadamun Kura zuwa kasuwar Abuja. Mutum ne mai amana. Manoma kan loda masa kwandunansu su koma gida hankali kwance, don sun san kayansu za su isa kafin rana ta dafa su. Sai dai yana da wani hali irin na direbobin da suka daɗe a hanya: duk ƙarfen da ya zo tare da mota daga ƙasar da aka ƙera ta, a wurinsa ya fi sabon da ke cikin kwali. "Na kamfani" yake kiransa, kuma in yana faɗa har wani hura hanci yake yi, kai ka ce shi ya ƙera.

Da kakar tumatir ta kama, ya kai motar gareji a canja masa bel ɗin taimin, wato bel ɗin nan mai haƙora da ke ɓoye a gaban inji, wanda ke sa fistin da bawul su riƙa kauce wa juna, kowa a kan lokacinsa. In ya tsinke mota na gudu, sai su yi karo, inji ya tashi aiki. Direban ya san haka sarai, shi ya sa bai jira ya tsinke ba. Bakaniken, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya kwance murfin, ya yi alama da fenti don kada saiti ya goce, sannan ya zare tsohon bel. A nan ciki famfon ruwa yake zaune, mai zagayawa da ruwa don kada inji ya yi zafi, kuma bel ɗin nan ne dai ke juya shi. Al'adar masu sana'ar ita ce in an buɗe wurin, a fitar da su tare. Dattijon ya murza famfon da yatsa, ya kasa kunne, ya ji yana gurzawa kamar an zuba masa yashi.

Ya ce, "Malam, wannan ma ya gaji. Ga sabo nan a kanta, a ɗaura su tare."

Direba ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, na kamfani ne fa. Tun da na sayi motar nan bai taɓa ba ni kunya ba. In cire ɗan asali in sa ɗan kwali?"

Bakanike ya maimaita, ya ga mutumin ya kafe, sai ya ƙyale shi. Ya ɗaura sabon bel a kan tsohon famfo, ya mayar da murfi.

Mota ta yi lafiya lau. Direba ya yi sawu ya dawo, ya sake yi ya dawo, in ya biyo ta gaban garejin har ya danna oda ya ɗaga hannu, a dole ya ci gardama. Rannan ya yi lodi maƙil, ya wuce Kaduna rana na tsakiyar ka, sai ya ji wani ɗan kuka a gaban mota. Kafin ya sami inda zai raɓe, wani abu ya ƙwanƙwasa a cikin injin, mota ta mutu. Ya murɗa makulli har ya gaji. Duk motar da ya tsayar tana ɗauke da nata lodin, don lokacin kowa ta kansa yake yi. Yana ji yana gani ruwan tumatir ya fara ɗiga daga kwanduna yana bin jikin mota, ƙudaje suka yi masa sallama. Kafin a sami mai jan motar, kayan sun zama na zubarwa, kuma a bakin titi ya juye su da hannunsa.

Ya mayar wa manoman da kwandunansu wayam. Ba wanda ya zage shi, cewa suka yi Allah ya tsare gaba, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo. Don ya sami abin kare fuska, ya ce musu bakanike ne ya cuce shi da jabun bel. Da wannan fushin ya nufi gareji, inda aka kai motar.

Dattijon ya ja shi zuwa wurin motar. Ya buɗe injin a gabansa, ya zaro bel ɗin ya miƙa masa. Rubutun da ke bayansa ko gogewa bai yi ba, amma haƙoransa sun kankare, sun zube a gindin murfi. Sannan ya nuna masa famfon ya ce, "Murza." Direba ya sa yatsa, ya sa hannu, ya haɗa da ɗayan hannun, famfon ko motsi bai yi ba. Ya ƙame ne mota na gudu, bel ɗin kuwa ya ci gaba da bi ta kansa har ya rasa haƙora, bawul suka lanƙwashe. Kunya ta rufe shi, domin yanzu ya san sai ya koma Kura ya tsaya a gaban mutanen nan ya janye maganarsa, ya gaya musu wanda ya ɓata musu amfanin shekara.

Shi kuwa bel ɗin ba shi da aibi ko kaɗan, sabo ne kuma mai kyau ne. An dai ɗaure shi da wanda ya riga ya lalace ta ciki, suna juyi tare, ba yadda zai yi ya tsira. Shi ya sa Hausawa suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.