Katako Ba Ya Tsugunno

Katako mai walda ƙirjinsa kamar ƙofar shago, amma in makulli ya faɗi masa ƙasa sai dai ya jawo shi da ƙafa. Jikin ya sandare, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Shi kuwa, bawan Allah, a zatonsa kirari ne.

A bayan garejin layinsu akwai wani ɗaki mai rufin kwano, inda maza ke taruwa da safe suna ɗaga ƙarfe, suna nishi kamar masu naƙuda. Rabin ƙarafan Katako ne ya yi waldarsu, don haka yake ganin ɗakin gadonsa ne. Gasa ta matso, mutum ɗaya za a tura, su biyu ke nema: shi da Auta, ƙanin matarsa. Dama ba sa ga maciji. Wai Auta ya taɓa cewa yayarsa buhun siminti ta aura. Ban ji da kunnena ba, amma wadda ta gaya mini ba ta ƙarya sai ta kama.

Kocinsu yana da doka. Kafin a taɓa nauyi sai an ɗumama jiki: ɗan gudu a tsaye, a juya ƙugu, a juya kafaɗa da idon sawu, sannan a yi ta tsugunno da sanda marar nauyi har gumi ya tsatso.

"Katako, shigo layi," in ji Koci.

"In shigo in yi rawa? Ka ce gidan rawa ka buɗe, in kawo maka ganga."

"To ko ɗaukar ka gyara. Lanƙwasa gwiwa ka tsuguna, bayanka a miƙe, ƙarfen ya bi ƙwaurinka. Cinya ke ɗauka, ba gadon baya ba."

Kalmar nan ta tsugunno ita ta soke shi. Ya nuna Auta da haɓa.

"Ban tsuguna wa uban wannan kwaɗon ba, sai ƙarfen da na ƙona da hannuna?"

Auta ya miƙe, idonsa ja wur, amma sai ya yi murmushi.

"Ai mun sani, Yaya. Ba girman kai ba ne, gwiwar ce ta yi tsatsa. A ɗiga mata baƙin mai."

Da ƙyar aka raba su.

Shi baya ba ya cin amana, sai ya yi sallama tukuna. Tuni Katako ya fara tashi daga gado yana dafa bango, yana shafa man zafi a ɓoye, kamar man zafi na ɓoyuwa. Duk gidan ya gauraye da wari.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka ji maganar Koci mana. Auta ya ce da kunkuminka kake ɗauka."

"Auta ya ce! Ke da ƙaninki bakinku ɗaya. So kuke in janye ya samu hanya."

"Ni bayanka nake ji."

"Ji tukunyarki."

Ta koma kan tukunyarta.

Ranar zaɓen wanda za a tura, da gangan ya makara, don kada a sa shi rawa. Ya sauko daga babur, jiki bai ɗumama ba, ya tarar Auta ya jiƙe da gumi. Auta ya tsuguna, ya ja numfashi, ya miƙe da ƙarfen lafiya lau, ya dire. Aka tafa.

"A ƙara," in ji Katako.

Koci ya tare shi. "Ba ka ɗumama ba. Je ka saki jikinka, za mu jira ka."

"Matsa, tsoho. Ƙarfena ne."

Da hannunsa ya ƙara nauyin. Ya kafe ƙafafu kamar taɓare, ya duƙa, baya ya yi doro kamar na kyanwa, ya fizga. Ƙarfen ya taso har gwiwa. Sai aka ji ƙas!

Ƙarfen ya yi gaba, Katako ya yi gefe. Ihun da ya kurma, tela na tsallaken titi sai da ya tsayar da keke. Ƙato guda yana kiran "Wayyo Inna!" alhali Innar ta daɗe da rasuwa. A bayan motar ɗaukar kaya aka kai shi asibiti, a kwance kan wata ƙofa da bai gama waldarta ba.

Likita ya ce abin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya goce ya danne jijiya. Ƙafar hagu ta mutu murus, sai an yi aiki, kuma ko an yi, ko bokitin ruwa kada ya ƙara ɗauka. Shagon walda yana nan a kulle, kwado har ya yi tsatsa.

Auta ne ya je gasar. Da ya dawo ya zo dubiya, Katako ya juya fuska bango.

"Fita min daga gida."

"Zan fita. Amma Yayata ba ta iya ɗaga ka, kuma ta ce tun safe kake son zagayawa. Riƙe wuyana."

"Allah ya isa."

"Amin. Riƙe da kyau, kada ka zage ni a kunne."

Ya zage shi. Ya kuma riƙe, hawaye na bin gemu.

To jama'a, masu ƙwallo ne, masu gudu ne, masu ɗaga ƙarfe ne, ku ji da kyau. Ku ɗumama jiki kafin wasa, ku saki gaɓoɓi, ku koyi yadda ake motsi daidai kafin ku ƙara nauyi. Ƙarfi ba dabara asara ne, kuma ƙashin baya ba a yi masa walda.