Taragon da Ba Shi da Ƙafa

"Mama, a zubar ko a bari?" in ji 'yarta, tana riƙe da ɗan taragon.

Bai fi kwalin sukari girma ba. Marigayin mijin Mama, tsohon mai gyaran layin dogo, a kansa ya ƙarar da shekarun ritayarsa, yana ƙera shi da gwangwani da tsinken ashana. Ya kwaikwayi wani tsohon taragon kaya ne da aka cire wa ƙafafu, aka girke a bakin layi, ya zama rumfar ajiye kayan aiki. Har tsatsar jikinsa sai da ya zana.

Sau nawa ya ce mata, "Maman yara, zo ki leƙa ciki mana"? Ita kuwa kullum amsarta ɗaya: "Da furfurarka kana wasan yara! Jirgin ma ba ƙafa. Kwashe min tarkacenka in ajiye abinci."

Ta karɓa daga hannun 'yarta za ta jefa a buhun shara, sai yatsanta ya taɓa 'yar ƙofar, ta zame gefe. Ta kai ido.

A kan ɗan benci ga mutum biyu na katako, kafaɗa da kafaɗa, kwano ɗaya a tsakaninsu. Ɗankwalin macen an yanko shi daga shuɗin zanen da take ɗaurawa tana amarya, lokacin da take kai masa abincin rana bakin layi.

"Mama?"

Ta share ƙurar rufin da bakin mayafinta.

"Leƙawa fa kawai ya roƙe ni," ta ce.