Kafin Guduma ko Bayan Guduma

Madam Brinkman, ma'aikaciyar kamfanin inshora, ta jingine kekenta a jikin motar kayan Wouter Terpstra, ta kakkaɓe ruwan sama daga rigarta, ta shiga kicin ɗin gidansa. Wouter ya ture bokitan furannin da suka fara yaushi, ya zuba mata kofi, ya ajiye biskit ɗaya a gefe.

Maganar ba ta da tsawo. Makonni biyu da suka wuce, Wouter ne ya yi aikin sauti a ɗaurin auren da aka yi a wani tsohon coci kusa da garin Leeuwarden. Ana tsakiyar taro makirufon jami'ar ɗaurin aure ya kama kuwwa. Wouter ya ruga ya janyo sabuwar wayar makirufo ta tsakiyar zaure, bai tsaya manne ta a ƙasa da salatif ba. Amarya Femke ta harɗe da ita ta faɗi, ta karye a tsintsiyar hannu. Goge take kaɗawa, da shi take ci, likita kuwa ya ce wata takwas ba ita ba goge.

A wurinmu masu aikin sauti, barin waya ba a manne ta ba abin kunya ne da ko ɗan koyo ba a yafe masa. Shekara goma sha huɗu Wouter yana cin gashin kansa, yana biyan inshorar da za ta tsaya masa in aikinsa ya ji wa wani ciwo, bai taɓa neman ko sisi ba. Yanzu in kamfani ya ƙi biyan Femke, motarsa da lasifikoki da na'urar haɗa sauti duk sai sun shiga kasuwa. Tsoro yake ji sosai, kofin nasa ma ya huce bai taɓa shi ba.

"Tambaya ɗaya ce ta rage, Mista Terpstra," in ji Madam Brinkman. "Ta faɗi ne kafin jami'a ta buga gudumar da ke nuna aure ya ɗauru, ko bayan ta buga?"

"Kafin nan, ina jin," in ji Wouter, idonsa na kan biskit.

Madam Brinkman ta riga ta tambayi baƙi goma sha ɗaya. Biyar sun ce kafin, huɗu sun ce bayan, biyu sun ce su hankalinsu na kan kek. Ita kanta jami'ar ta ce aure uku ta ɗaura a ranar, duk sun cakuɗe mata. Mahaifin amarya kuwa cewa ya yi tun ranar da ya fara ganin Wouter ya san wata rana sai wani ya karye.

Shaida ɗaya aka samu, bidiyon da wani kawu ya ɗauka da wayarsa. Rabinsa hular wata mata ce, sautin kuma kamar ana soya dankali a cikin tukunya.

Madam Brinkman ta rufe fayil. Dokarsu ce, in ji ta, inda babu tabbas ana ɗaukar maganar mai inshora. Za ta rubuta "kafin", a biya cikin wata. Wouter ya sauke numfashin da ya riƙe tun makonni biyu.

Ta miƙe tana saka rigar ruwa. Ba da wata manufa ba ta ce, "Ai ba laifinka ba ne. Waɗannan tsofaffin coci-cocin ba wanda ke iya samun sauti mai kyau a cikinsu. Kowa ya ce min ranar ba a jin komai."

Wouter ya ɗago kai a hankali.

"Wa ya ce?"

"Baƙi."

"Waɗanne baƙin? Makirufo shida na kafa, Madam. Shida! Dan Allah ki zauna."

Kai, da akwai ɗayanmu a kicin ɗin da ya taka masa ƙafa. Sai dai gaskiya, kowannenmu abin da zai yi ke nan. Ka ce wa mai aikin sauti ɓarawo, zai yi dariya. Ka ce ba a jin sautinsa, ka gama da shi.

Ya ɗaga wani akwatin goge daga kan benci, ya buɗe kwamfuta, ya ɗora mata abin saurare a kunne, mai tsadar, wanda ba ya ba kowa. Duk sautin ranar ya naɗa, kamar kullum, kowane makirufo da layinsa, ga agogo na tafiya a ƙasa.

Aka ji kuwwar makirufo. Aka ji gudu, da jan waya, da dariyar baƙi, da jami'a tana cewa a ɗan yi haƙuri. Sai amarya ta ce ta yarda. Sai ango ya ce ya yarda, yana haki.

"Saurari nan," in ji Wouter, fuskarsa na annuri. "Ki ji yadda ƙarar katakon guduma za ta fito. Ko a situdiyo sai haka."

Guduma ta ce ƙwas, tsaf, ba gurɓi. Tafi ya tashi. Takun takalmi uku. Sai tim, amarya ta faɗi.

Madam Brinkman ta mayar da shi baya, ta sake saurare tana kallon agogo. Ta cire abin sauraren, ta buɗe fayil, ta zaro biro.

"Ban taɓa jin sauti mai kyau haka ba," in ji ta. "Sakan huɗu bayan guduma, Mista Terpstra. Lokacin Femke ta riga ta zama matarka. Ka dai san abin da ke shafi na tara na yarjejeniyarmu: ba ma biyan raunin da mutum ya ji wa matarsa."