Layi na Sha Bakwai

Ruwaya uku na ji game da abin da ya faru a masana'antar sabulun nan, kuma ta mai gyaran wuta na ɗauka. Manaja yana da abin da yake karewa. Ƙwararriyar da aka ɗauko ba ta taɓa wuce ɗakin taro ba. Mai gyaran wuta kuwa shi kaɗai ya bi wayar da ƙafarsa, kuma shi kaɗai ya rasa abincinsa saboda abin da ya faɗa.

Aikin wucin gadi aka ɗauke shi, bisa alkawarin za a tabbatar da shi idan komai ya tafi daidai. Babban kamfanin da ke sayen sabulun ne ya gindaya sharaɗi: ko masana'antar ta rage wutar da take sha ta sami takardar shaidar kiyaye muhalli, ko ya kai cinikinsa wani wuri. Saboda haka aka sa shi ya maƙala ƙaramar mita a kan kowace waya da ta fita daga babban akwatin wuta. Kowace mita tana aika bayaninta zuwa wani faffaɗan allo a ɗakin taro, ƙarƙashin hoton tsohon da ya kafa masana'antar.

Tambaya ɗaya allon yake yi wa kowane layi: wutar da ka sha, sabulu nawa ta haifar? Wanda ya kawo amsa sai ya yi kore. Tukunyar dafa sabulu ta yi kore, injin yanka ya yi kore, ofisoshi ma suka bi sahu bayan an sauya musu ƙwayayen fitila. Layi na sha bakwai kaɗai ya tsaya ja. Dare da rana yake shan wuta, har ranakun hutu, ba ƙari ba ragi. Tsohuwar waya ce, ta bi ta bayan sito, ta shige ƙarƙashin katanga.

A ranar taro ƙwararriyar ta ɗora alƙalaminta a kan jan layin.

"Ranka ya daɗe, me ake sarrafawa a nan?"

"Ba ya samar da komai," in ji Manaja.

"To shi ne ya tsaya tsakaninku da takardar. Ba sai an yanke shi gaba ɗaya ba. A kashe shi da tsakar rana, lokacin da injuna ke jan wuta sosai, a mayar da yamma."

Mai kula da ciniki, wadda ake kira Auta, ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba. "Yaya, batirin can fa?"

"Ya mutu tun bara," Akanta mai kula da kuɗi ya amsa mata, yana gyara zaman gilashinsa. "Ke ma kin sani."

Mai gyaran wuta ya nemi izini ya bi wayar ya ga inda ta ƙare, domin a ƙa'idar sana'arsa ba a yanke layin da ba a san ƙarshensa ba. Manaja ya yi murmushi.

"Malam, wuta muka ɗauke ka ka gyara ko yawon buɗe ido? Idan kana son zama da mu, ka koyi yarda da allo."

Aka yi dariya. Aka ɗaga hannuwa don amincewa da kashe layin. Auta ce ta ƙarshe da ta ɗaga nata, sannan ta fita wanke fuska.

Mai gyaran wuta ya tuna da matarsa mai tsohon ciki, ya ɗauko agogon kashe wuta ya ɗaura a kan layin. Washegari da tsakar rana, ana tsananin zafi, agogon ya yi ƙas, allo ya koma kore daga sama har ƙasa. Ƙwararriyar ta ɗauki hotonsa ta aika wa kamfanin. Aka rarraba lemo mai sanyi.

Da yamma agogon ya mayar da wuta kamar yadda aka tsara. Layi na sha bakwai ya ja ta na ɗan lokaci, sannan ya faɗi ƙasa, kamar wani ya sa hannu ya kashe abin da ke can. Bai sake shan komai ba.

Wannan ne ya tsaya wa mai gyaran wuta a rai. Ya ajiye kayan aikinsa, ya bi wayar ta bayan sito, ya zagaya katanga, ya iske wata 'yar ƙofa a buɗe da takalma jere a bakinta. Ya leƙa, ya ga gawa a shimfiɗe an lulluɓe ta. Da ya fito ya dafa katangar ya yi amai, har maigadi ya kawo masa ruwa.

Ya faɗi abin da ya gani ga duk wanda ya tsaya saurare. An sallame shi bisa laifin barin wurin aiki ba izini. Takardar shaida ta iso cikin firam mai ruwan zinariya, kuma Manaja ya yi jawabi a kan amanar da ke wuyanmu game da na baya.

Ga waɗanda suka zauna a taron, kamar yadda na tabbatar: ƙwararriyar, wadda ba ta sani ba, mai gyaran wuta, wanda ya tambaya aka hana shi, sai Manaja da Akanta da Auta, 'ya'yan cikin tsohon da ya kafa masana'antar, waɗanda su uku da hannunsu suka kwantar da shi a ɗakin bayan katanga, suka jona na'urar da ke ba shi iskar numfashi a ƙarshen layi na sha bakwai.