Kuɗin Makarantar Tanimu Mai Sassaƙe

Tun da aka kafa dokar hana sayar da maganin gargajiya sai da digiri na biyu, Tanimu mai sassaƙe ya koma ɗalibi yana da shekara sittin da ɗaya. Ajinsu duk furfura ce, yara kuwa su ne ma'aikata. Ba a karɓar kuɗi a makarantar. Kowane zango ɗalibi zai faɗa wa na'ura sirrin magani guda.

Yau zangon ƙarshe, kuma maganin shawara da ya gada wurin ubansa kaɗai ya rage masa.

"Baba, in ba ka faɗa ba, ba takarda, ba rumfa," in ji Lantana mai rajista.

"'Yata, kunna abinki."

Ya faɗa tsaf, da sunan itacen da yadda ake jiƙa shi.

Lantana ta rage murya. "Ka san gobe kamfani zai ɗura shi a kwalba?"

"Su ɗura mana. Itacen guda uku ne suka rage a duk dajinmu. Na'urarki sunan itacen ta tambaya, ba ta tambayi hanyar zuwa wurinsa ba."

Ya naɗe takardarsa ya soka a hula.